Ƙanƙarar Zoɓo a Gwajin Hauwa

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki. Ƙanwata Hauwa tana ajin ƙarshe a karatun haɗa magunguna, Baba kuwa yana kwance ba lafiya a gida, Tudun Wada, kullum addu'arsa Allah Ya nuna masa ranar da za ta kawo masa takardar gamawa.

Na dafa shinkafa da wake, na ɗura zoɓo a kula da ƙanƙara, na kai mata ɗakin gwajinsu. Na same ta gaban wani ɗan kofin gilas, an rataye guntun nama a ciki da zare.

"Yaya, hanjin ɓeran Masar ne," in ji ta. "In na ɗiga masa maganin nan, histamin, sai ya tsuke, alƙalamin nan ya zana a takarda. Ina duba yadda tsukewar ke canzawa da zafi ko sanyi. Na gama na sanyi, saura na ɗumin jiki. Ɓerana na ƙarshe ke nan, jibi zan miƙa aikin."

Na yi ta gyaɗa kai (gaskiya hankalina na kan inda zan ajiye kwano). Ta fita kiran Madam Laraba, mai kula da ɗakin, ta ce in zuba mata ido a kai.

Na taɓa gilas ɗin, na ji ɗumi. Ɗanyen nama a ruwan ɗumi, a zafin Kaduna! Ni da ban taɓa barin ko tsoka ɗaya ta yi wari a kicin ɗina ba. Na ce kaico, yarinyar nan boko ya hana ta sanin aikin gida. Na yi bismillah, na tsamo 'yar ƙanƙara daga kula, na jefa. Har ina jin na samu lada.

Ruwan ya fara ja a hankali.

Suka shigo. Madam Laraba ta sauke tabarau, ta leƙa, ta shinshina. "Hauwa, wannan jini ne ko zoɓo?"

Ɗaliban da ke sauran teburan suka taso. Da bakina na ce, "Madam, don kada ya lalace ne."

Wata ta tuntsure da dariya, Madam ta harare ta. "Ayya, Hajiya," Madam ta ce min, "ai da rai yake. Ɗumin ne ke riƙe da shi."

Suka canza ruwa sau uku. Hauwa ta ɗiga maganin. Alƙalami ya ja layi miƙaƙƙe, ko motsi babu.

Ba ta zage ni ba; da ma ta zage ni. Ta dai zauna ta ce, "Yaya, me zan gaya wa Baba?"

Kafin a samo wani ɓeran, ranar miƙa aiki ta wuce, sai da ta jira wani zangon. Baba bai jira ba. Takardar ta zo bayan sadakar arba'in, muka buɗe ta a kan tabarmarsa. Hauwa ta sha ce min kwanansa ne ya ƙare, na kuma san haka ne, amma har yau nakan sa ita da Baba a addu'a in na yi sujada.

Yanzu ko tukunyar maƙwabciya na ji tana ƙauri, sai na yi sallama na tambaya ko da gangan ne.