Goɗiyar Onarabul Sada

Duk wanda ya ce Ƙofar Guga ba ta ci ribar komawar sojoji bariki ba, to bai san Alhaji Sada ba. A shekarar 1999, da aka ce farar hula su karɓi mulki, Allah Ya dube mu da idon rahama Ya ba mu shi kansila. Kafin nan robobi yake sayarwa a bakin titi, bokitai da butoci da kwandunan wanke-wanke, kuma ko abokan hamayyarsa sun shaida butarsa ba ta taɓa yoyo ranar da aka saye ta ba, sai dai washegari. Ana rantsar da shi ya zama Onarabul. Tafiyarsa ta sauya. Tarinsa ma ya sauya, ya koma irin na manya, wanda ake yi a dakata a ga ko wani zai ce sannu.

Wata biyu da hawansa kujera, Onarabul ya gano wani sirri da ya ɓuya ga sauran kansiloli. Ashe manyan maganganu ba a ofis ake yin su ba, a filin folo ake yin su bayan la'asar, inda manyan gari ke buga ƙwallo bisa dawaki. Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma kuwa ba ya da abin so kamar wasan nan. Ya sa an shirya ƙaramar gasa ta sababbin shiga, aka kuma ji raɗe-raɗin a ranar zai zaɓi kansilan da zai riƙe sashen wasanni, mai ofis na kansa da labule da fanka.

Da yamma Onarabul ya tara 'yan majalisar ƙofar gidansa bisa tabarma, ya yi tari, aka ce sannu.

"Ku ba ku san tarihi ba," in ji shi. "Mu a zuriyarmu, yaro kan iya linzami kafin ya iya cokali. Ni da kuke gani, don dai hidimar jama'a ta ɗauke mani hankali, da tuni an ji sunana a Ajantina, ƙasar gwanayen folo."

Aka jinjina kai. Ba wanda ya ga dalilin tuna mashi cewa iyakar abin da ya taɓa hawa tsohuwar Besfa ce, ita ma sau biyu tana ajiye shi a kwata. Daga ranar dai 'yan unguwa suka ƙara mashi suna, suna ce mashi Sarkin Sirdi. Ya ji, ya ɗauka yabo ne, ya sa aka ba wanda ya raɗa goro.

Mai ƙaramar basira zai fara neman doki. Onarabul da kaya ya fara, domin a ganinsa jama'a mahayi suke kallo, doki kuwa kujera ce mai ƙafafu. Ya tafi wurin Ado tela a Ƙofar Kwaya da hoton wani Bature da ya yago daga tsohuwar kalanda, ya ce haka yake so, farin wando tsuke da riga mai lamba ɗaya. Ado ya zagaya tef a ƙugunsa. Onarabul ya ja numfashi ya haɗiye tumbi har idanunsa suka kaɗa.

"Yallaɓai, saki cikin," Ado ya ce.

"A sake yake. Rubuta abin da ka gani."

Ado ya rubuta abin da ya gani, ya kuma yi addu'a a ransa. Sati uku aka yi ana kai da kawo kan kayan nan. An ɗinka takalmin fata mai kai gwiwa, an mayar sau biyu don bai yi ƙyalli ba. An samo hular kwano, aka kwana biyu ana shawarar ko za ta zauna bisa zannarsa, tunda bai kamata a ga zaɓaɓɓen wakili ba hular mutunci ba. Safar hannu kuwa tun kafin ranar ya fara sa ta, har da ita yake sa hannu a takardun ofis.

Saura kwana goma gasa, matarsa Hajiya Safara'u ta tambaye shi, cikin ladabi, ko kayan su kaɗai za su shiga fili. Nan ya tuna da doki.

Aka kai shi Ƙofar Marusa, bargar Malam Babaji, dattijon da ya shekara arba'in yana kiwon dawakin folo kuma ba ya da yawan magana. Malam ya dubi Onarabul daga sama har ƙasa, ya tsaya kaɗan a tsakiya, sannan ya kwanto wata gajerar goɗiya ja mai furfura a baki.

"Mai koyo da irin wannan yake farawa, ranka shi daɗe. Gajera muke ce mata. Ba ta tutsu, ba ta cizo. Ta fi ni sanin wasan. In ka faɗo ma, ƙasa ba nisa."

Onarabul ya yi murmushin tausayin jahilci. Ya nuna wani ingarma baƙi wuluk da ke can turken ƙarshe, dogo kamar katangar gidan gwamna.

"Malam, mutum da matsayinsa. Wancan za a ɗaura ma sirdi."

Malam bai yi gardama ba. Ya ce to, Onarabul ya matsa ya shafa dokin su san juna. Onarabul ya taka da ƙasaita har ya kusa. Ingarma ya juyo, ya kwantar da kunnuwa, ya buga ƙafa, ya yi wata haniniya da ta sa kajin maƙwabta watsewa. Ba a dai ga lokacin da Onarabul ya yi tafiyar ba, sai ganinsa aka yi a bayan Malam Babaji yana gyara wuyan riga.

"Na yi nazari," ya ce, da numfashinsa ya daidaita. "Zamanin kallon talaka daga sama ya wuce, da sojoji ya tafi. Shugaban farar hula kusa da ƙasa yake zama, inda zai ji koken jama'a. A ba ni gajerar."

Aka yi ciniki. Nan take ya sauya mata suna zuwa Walƙiya. Ita dai ba ta taɓa amsawa ba.

Malam Babaji ya ce ya riƙa zuwa kullum da safe a koya mashi zama da riƙon sanda. Ya zo sau uku. Ranar farko ya hau da taimakon turmi da ƙarti biyu. Rana ta biyu ya koyi sauka, ba da niyya ba. Rana ta uku ya yi wa Malam bayanin kurakuran da ya lura da su a salon koyarwarsa. Sauran kwanakin ya ƙarar da su yana jan goɗiyar da ƙafa daga wannan lungu zuwa wancan, don ta san mazaɓarta.

Ranar gasa, shigar wando kaɗai ta ci rabin awa, Hajiya na ja ta baya, shi yana riƙe da ƙyaure. Da ya shiga, aka tarar ba ya lanƙwasuwa. Zama a mota ya gagara, sai a bayan akori-kura aka tsayar da shi, ya riƙe ƙarfe yana ɗaga wa mutane hannu har fili. Ya ce dama haka ya tsara.

Mutum huɗu nan, huɗu can, duk sababbin shiga, duk a tsorace. Ciyaman na zaune a rumfa da manyan baƙi. Alƙalin wasa ya jefa ƙwallo. Gajera, wadda tun safe take gyangyaɗi, ta ji ƙarar sanda bisa ƙwallo, sai ƙuruciyarta ta dawo. Ta miƙe kunnuwa ta zabura. A taku na uku sandar Onarabul ta tafi. A na biyar linzami ya bi ta. Ya rungume wuyan goɗiyar da hannu biyu, ya runtse ido, yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Numfashin da ya riƙe tun daga gida ya ƙwace, maɓallin wando ya yi tsalle, ɗinkin Ado ya buɗe ta baya da wata ƙara da aka ji har rumfa.

Gajera ba ta kula ba. Ta ratsa tsakanin dawaki biyu, ta bangaji na uku da kafaɗa ta kawar da shi kamar yadda aka koya mata shekaru goma sha da suka wuce. Ta iske ƙwallo a bakin gida, gaban ginshiƙai biyun da ake zura shi, ta jira sanda ta sauko. Sanda ba ta sauko ba. Sai ta sa kofato ta tura shi tsakanin ginshiƙan. A dokar wasan kuwa ci ne, ko da ƙafar doki aka yi shi. Shi ne kaɗai cin da aka yi a ranar.

Sai da Malam Babaji ya ɓamɓare yatsun Onarabul daga wuyanta ɗaya bayan ɗaya kafin ya yarda an tsaya. Aka ɗaura mashi bargon sirdi a ƙugu, ya isa gaban rumfa a haka, ya yi tari.

"Ranka shi daɗe, abin da kuka gani sabon salo ne. Mahayi ya kwanta, iska ta wuce ta samansa, ya ba dabba umarni a kunne. Ba kowa ya san shi ba."

Ciyaman ya buɗe baki zai amsa, dariya ta hana. Sai da ya share hawaye da hannun babbar riga sannan ya ce tun da ya hau kujera bai ji daɗin yini irin na yau ba, don haka sashen wasanni na Onarabul Sada ne. Mu 'yan Ƙofar Guga muka raka gwarzonmu gida da kiɗa, shi a tsaye a mota, Gajera a baya tana tafiya a hankali.

Kwana huɗu yana karɓar barka a kishingiɗe bisa matasai, domin zama bai yiwu ba tukuna. A rana ta biyar Gwaggo Delu mai ƙosai, wadda ta san shi tun yana yawo ba wando, ta shigo da ɗaurin harawa a ka. Onarabul ya gyara kishingiɗa, ya shirya tari. Ta wuce shi ta nufi turke. Ta zube harawar gaban Gajera, ta durƙusa, ta shiga gaya mata cewa famfon layinsu wata uku ke nan ba ya kawo ruwa, an kai kuka har an gaji.

"Gwaggo, ga ni nan fa," Onarabul ya ce. "Ni ne kansilan."

Ta waiwayo ta dube shi da tausayi.

"Na sani, Sada. Huta abinka. Ce mani aka yi ita ke aikin, kai riƙe wuya kake yi."