Rasuwar Kunamar Hannun Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya da na bari a buɗe saboda dalilan da za su zo a ƙasa, ni Malam Munkaila Mani, haifaffen Matankari, mazaunin Dogon Dutsi, tsohon magatakardan gidan shari'a, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Dutsi da Tibiri har Sukukutane rasuwar Kunama, jarfar da ta kwanta tsakanin wuyan hannuna na dama da gwiwar hannu shekara hamsin da ɗaya. Ta rasu, in har ta rasu, a Yamai, a ɗakin wata likitar fata, bayan jinyar wata goma sha huɗu a ƙarƙashin wutar nan da ake kira leza.

Na ce in har ta rasu, domin shekara talatin da na yi ina rubuta shari'a ban taɓa ganin alƙali ya tabbatar da mutuwa babu gawa, babu shaidun kirki ba. A nan gawa babu. Shaidu biyu ne, likitar da ɗana, kuma dukansu suna da hannu a cikin lamarin.

An haifi marigayiya a Abijan a shekarar 1974, shekarar da hatsi ya ƙi Arewa muka bazu neman abin kai wa baka. Ni da abokina Yohanna, ɗan unguwar mishan, muna dako a tashar jiragen ruwa. Mota ta buge wani mutumin ƙasarmu, aka binne shi kafin labari ya iso mana, domin babu takarda a jikinsa. Zanen fuskarsa ya faɗi cewa Ba'are ne, ɗan ƙabilarmu, amma bai faɗi ɗan wane ne ba. A makon muka je wurin wani mai jarfa, ya ɗaure allura uku wuri guda, ya yi mana kunama iri ɗaya, baƙa mai korayen idanu, tawa a dama, ta Yohanna a hagu. Muka yi alkawari cewa duk wanda ya riga cikawa, ɗayan ne zai zo ya duba hannu ya ce shi ne. Ba mu rubuta ba. A lokacin ban san darajar rubutu ba, kuma alkawarin bai taɓa bukatarsa ba.

Halin marigayiya sananne ne. Ba ta taɓa harbin kowa ba. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta kai tsegumi. A gidan shari'a, in mai shaida ya fara yi wa gaskiya ado, sai in naɗe hannun riga in matse alƙalami, ita kuma ta ɗaga wutsiya. Na ga mutum uku sun gyara maganarsu a kan haka. Maiɗakina Barira ta ce ita ce kunama tilo da ta taɓa kwana a ɗakinta ba ta ɗauko mata takalmi ba. Sau biyar a yini ruwan alwala yana bi ta kanta har gwiwar hannu, shekara hamsin da ɗaya, wanda ya fi shekarun masu zarginta a duniya. Ta tsufa tare da ni, ta yi faɗi, baƙinta ya koma shuɗi-shuɗi, amma lafiyarta ƙalau take har ranar da aka soma yi mata magani.

Ɗana na fari, Sadiƙ, mai shagon wayoyi, yaro ne mai ladabi da karatu, ba zan hana shi wannan ba. Ya daɗe yana tuna mini cewa surar abu mai rai ce a jikina. Na kawo masa hukuncin da ya gabata: a 1986 na kai maganar gaban marigayi Malam Abdussalamu, limamin unguwarmu, ya ce abin da aka yi da ƙuruciya, wanda ba ya fita sai an yanki nama, tuba ta ishe shi. Sadiƙ bai ja da hukuncin ba. Sai ya je ya nemo na'urar da ba ta yanka nama. Wata rana da yamma ya durƙusa ya ce mini, "Baba, ni ne zan yi maka wanka ranar da ba za ka iya jan hannun riga ka rufe ta ba." Na ja hannun riga na rufe ta, kuma a shari'a wannan ba yarda ba ce.

Bayan wata guda ya ɗauke ni zuwa Yamai domin a duba mini gwiwa. An duba gwiwar, wannan gaskiya ne. Da muka fito sai mota ta karya wata kwana da ba ta gida ba. Likitar, mace mai natsuwa, ta yi mini bayani cewa ba a fara wannan aiki sai an yi gwaji a ɗan wuri kaɗan, domin fata baƙa irin tamu tana iya ƙonewa ko ta koɗe in wutar ta yi ƙarfi. Na yarda, domin gwaji ba hukunci ba ne. Aka sa mini wani baƙin tabarau wai don kare ido. Ina roƙon jama'a su lura da wannan wuri: idona a rufe yake lokacin da aka zaɓi inda za a gwada. Jikin kunama yana da ƙafa takwas, kowace ta isa gwaji. Amma wutsiya aka zaɓa, daidai kan ƙari.

Cikin mako shida wutsiyar ta dushe. Kunamar da ba ta da wutsiya kuwa, kowa ya san da abin da take kama. A majalisarmu wani ya tambaye ni, da ladabi, tun yaushe nake kiwon kyankyaso. Mutumin da ya yi shekara talatin yana riƙe da hatimin gidan shari'a ba ya yawo da kyankyaso a hannu. Da ƙafata na koma Yamai na ce a ƙarasa. Na yaba wa dabarar, kamar yadda ake yaba wa ɓarawon da ya ja maka ƙofa bayan ya fita.

Zan faɗi yadda jinyar take, domin amfanin dattawan da 'ya'yansu suka fara tambayar lafiyar gwiwarsu. Ana shafa wani mai a bar shi awa guda, wai yana rage zafi. In ya rage, to ban so in san na asalin ba. Zafin kamar tartsatsin mai ne daga kaskon ƙosai, sai dai wannan ba a ja da baya. Wari kuwa na babbakar kan rago ranar layya. Marigayiya, da ba a taɓa jin muryarta ba tun haihuwarta, a wannan ɗaki ta yi magana: tas, tas, tas. 

Da aka cire mini tabarau a zaman farko na ga ta yi fari fat kamar an barbaɗa toka. Na yi wa kaina ta'aziyya. Kafin mu kai Doso ta dawo baƙa, a kumbure, tana kallona. Sau bakwai ta yi mini haka, shi ya sa wannan karon nake taka-tsantsan. Bayan kowane zama sai bororo, sai ɓawo, sai ƙaiƙayin da aka haramta mini sosawa. Aka ce kada rana ta taɓa wurin. A Dogon Dutsi. Na yi bazara biyu cikin riga mai dogon hannu kamar mai ɓoye kayan sata. Tsakanin zama da zama mako takwas, wai sai fata ta huta. An ce mini zama shida. Na yi takwas. Baƙin ya riga tafiya, amma korayen idanun nan sun ƙi, likitar ta ce kore taurin kai gare shi.

Na tambaye ta inda gawar take. Ta ce wutar ba ta fitar da tawada, farfasa ta take yi ta fi gari laushi, sai jiki ya kwashe ta a hankali ya fitar, don haka in yawaita shan ruwa. Ashe ke nan an ɗauke kunama daga fata, inda nake ganin motsinta, an saka ta cikin jinina, inda babu mai sa mata ido. Na tambayi Sadiƙ wanne ya fi hatsari. Ya ce zai bincika. Ina jira. Abin da ya rage a hannun yau shi ne inuwa mai haske-haske, wadda aka ce wataƙila ta saje da sauran fata nan da shekara, wataƙila kuma har abada, da ɗigo biyu kore masu dishi-dishi.

Marigayiya ta bar ni, ta bar Barira, ta kuma bar tagwaiyarta a hannun hagun Yohanna cikin ƙoshin lafiya. Yohanna idanunsa sun tafi shekara huɗu ke nan, ɗiyarsa Ƙauna ce take jagorarsa. Kullum bayan la'asar yakan zo ƙofar gidana mu zauna gindin bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro. Labarin nan bai ji shi daga bakina ba, a kasuwa ya ji, kuma wannan laifina ne, na rubuta shi a kan kaina. Ya aiko Ƙauna da saƙo, ta tsaya a zaure kanta a ƙasa ta ce, "Baba ya ce a gaya wa Magatakarda, tun da ya fasa a gane shi, shi ma ya huta da tafiya." Wata goma sha uku ke nan kujerarsa ba mai zama.

Sai makon jiya, ina alwalar azahar, ido a rufe saboda ruwan fuska, yatsana ya bi hannun ya yi tuntuɓe. Mutumin nan na Abijan hannunsa yana da nauyi. Duk inda allurarsa ta bi ya bar ɗan tudu. Na buga wa likitar waya, ta amsa cewa leza launi take ci, ba ta cin tabo. Na sake bi a hankali. Wutsiyar da aka fara kashewa tana nan gaɓa-gaɓa, har ƙarin. Amma mutum ba ya zama shaida a shari'ar kansa.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Ba za a yi salla ba, na san iyakata. Za a zauna gindin bedi ranar Asabar bayan la'asar, tun da Juma'a tawa ce, Lahadi kuma ta Yohanna. Barira za ta dama fura. Zama na tara da likita ta sa domin idanun nan biyu, an ɗage shi sai abin da hali ya yi. Sadiƙ zai duba hannun da ido, ba zai ga kunama ba, ya yi mini wanka da kwanciyar hankali ranar da Allah ya nufa. Amma ba a binnewa sai mai hakki ya gane gawa, kuma bisa alkawarin 1974 mutum ɗaya ne yake da wannan hakki. Shi zai duba da yatsa. In bai same ta ba, na karɓi gaisuwa. In ya same ta, wannan sanarwa ta rushe, a sha furar a matsayin barka.

Sadiƙ ne zai ɗauko Yohanna a mota, tun da ya ƙware wajen ɗaukar tsofaffi. In ya ƙi shiga, a ce masa gwiwa za a duba. Ƙauna, ki karanta wa babanki wannan takarda duka, kada ki tsallake wurin da na amsa laifi. Kujerarsa tana inda ya bar ta, a damana, kuma zan zo da hannun riga a naɗe.

Munkaila Mani
Dogon Dutsi