Finjali Tara na Baƙuwar Baba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na shayar da baiwar Allah gahawa har hannunta ya fara rawa ba.

Ina shekarar ƙarshe a sakandare, na rubuta maƙala kan Afirka ta Kudu, ƙasar da ta wargaza bama-bamanta na nukiliya da hannunta, ta koma shiga tsakanin masu makamin da marasa shi. Na cusa mata kurciyoyi da hasken asuba (kurciya huɗu a shafi biyu, Allah Ya yafe mini). Burina in tafi jami'a a Jidda, Baba kuwa yana ta jan ƙafa.

Baba a filin jirgi yake aiki. Nan ya haɗu da wata Hajiya mai ziyara, ma'aikaciyar harkokin wajen Afirka ta Kudun, mai jin Larabci. Ya gayyato ta gidanmu a unguwar Ƙurban ta Madina, ya ce da ni, "Karanta mata. In ta ce akwai kai a ciki, kin tafi."

Ni aka ba butar gahawa. A Madina ko yaro ya sani: baƙo ya miƙo finjali yana girgizawa, ya ƙoshi ke nan. To ni idona na kan takarda. Ta miƙo, in tsiyaya, in ci gaba da bayyana mata ƙasarta. Ita kuma don kunya sai ta shanye.

Ina tsakiyar jimlar da na fi so, cewa girman ƙasa shi ne ta san lokacin da za ta ce ya isa, Umma ta fashe.

"Ke! Bas, ya binti, ya isa! Aib, abin kunya! Tun na uku take girgiza miki, wannan na tara ne!"

Na ɗago. Hajiya ta haɗa gumi, tana murmushin wahala. Na ji kamar in shige cikin butar.

Ta goge fuska ta ce da Baba, "Rubutun da kyau, a rage kurciyoyin. Amma mu da muka ajiye makami, ba abin da ya rage mana a teburin sulhu sai lura da wanda ke gabanmu. Ku tura ta, ta koyo."

Baba ya tura ni, bayan ya ba dangi labarin har unguwar Bani Harisa.

Tun ranar, in zan koya wa mutum tarihin gidansu, nakan fara duba hannunsa.