Ma'ajiyar Kayan Jirgin Baba Isuhu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da anka ɗora jirgin Baba Isuhu bisa sikeli. Ko yau in na tuna, sai in aje abin da ke hannuna.

Baba Isuhu aminin mahaifina ne, tsohon makanike a kamfanin siminti na Malbaza. Da ya yi ritaya sai ya sayo ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu, irin wanda ake turowa gunduwa-gunduwa cikin akwatuna mutum ya haɗa da kansa. Shekara huɗu yana aikin a bayan gidansa, mutane na dariya, shi ko bai kula ba.

Ni mai walda ne a Konni, aikina gyaran bodin motocin da ke ɗaukar albasa. Wata rana ya kira ni, ya miƙo mini takardar zane da fallayen alminiyam.

"Ɗana, hannuna ya fara rawa. Ka haɗa mini ma'ajiyar kaya ta bayan kujeru. Yadda takarda ta ce, haka za ka yi."

Na ce to. Amma da na kai gareji na lanƙwasa falle guda da yatsa biyu, sai tausayin tsohon ya kama ni (ni a ganina an cuce shi). Na aje takardar, na yanko ƙarfe mai kauri da nauyi, na yi masa ƙafafu, na shafe da fenti ruwan azurfa. Da na je ɗaurawa Baba yana garin Tawa ganin likita, don haka bai gani ba.

Ranar awo, wani matuƙin jirgi ya zo tun daga Yamai don ya duba aikin. Hajiya matar Baba na nan, da liman, da tsofaffin abokan aikinsa. Anka tura ƙafafun jirgin bisa sikeli, anka janye gungumen da ke tokare da wutsiya. A hankali hancin jirgin ya ɗaga sama, wutsiyar ta zauna ƙasa.

Baƙon ya leƙa bayan kujeru ya ƙwanƙwasa. "Wa ya yi wanga aiki?"

Na matso gaba (har da gyara hula). "Ni ne, ranka ya daɗe. Ko buhun albasa uku anka sa, ba ya motsi."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Da tsohon nan ya tashi da shi haka, hanci zai miƙe sama, ya faɗo da shi kafin ya wuce gonakin can."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Baba ya ce, "Ina alminiyam ɗin da na ba ka?"

Na ce, "Na rufe akurkin kaji da shi, Baba."

Ya gyaɗa kai kawai. Fallayen duk na huda su, dole anka yi odar wasu, wata biyar kafin su iso. Na sake aikin a gabansa, yana karanta mini takardar layi-layi. Amma cikin watannin nan idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Ranar da jirgin ya tashi, baƙon nan ne ya tuƙa, Baba na zaune gefensa. Bai taɓa yi mini gori ba har Allah Ya karɓi ransa.

Tun daga lokacin, in anka kawo mini aiki da takarda, sai na karance ta sau biyu. In kuma na ji zuciyata na cewa na fi wanda ya rubuta ta sani, sai in kashe injin in je in sha ruwa tukuna.