Yadda Ake Ƙarar da Kuɗin Talla Ba a Sayar da Katifa Ko Ɗaya Ba

Kai mai shago, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, cikin mako guda kuɗin tallarka za su ƙare tas, kayanka na nan yadda ka jera su. A shagona na katifa na gwada, kuma ban ga inda dabarar ta gaza ba.

1. Nemi shafin farko na jarida

Sa babbar riga ka shiga ofishinsu. Mai karɓar talla za ta ce maka fili ake saya, kamar na gini: shafin gaba ya fi tsada, mai launi ya fi baƙi da fari. In ta faɗi farashi, kada ka yi salati da ƙarfi. Yi ɗan tari ka ce, "Ƙanwata, can baya fa?" Dama manyan mutane daga baya suke fara karanta jarida.

2. Rage kalmomi

Can baya kalma-kalma ake biya. Ni da kalmomi ashirin da biyu na je. Na cire "masu laushi", na cire "rangwame", na cire kwatancen shago.

Mai karɓar tallar ta ce, "Yallaɓai, har lambar wayar?"

Na ce ai an san ni. Washegari aka buga: "Katifa. Ku zo." Ba a zo ba.

3. Koma intanet

Nan zaɓi biyu ne: ka biya kan kowane mutum dubu da suka ga tallar, ko kan duk wanda ya danna ta. Zaɓi dannawa, ai babu mai dannawa sai mai saye. Sa hotonka kana kishingiɗe kan katifa, kana murmushin masu hali.

4. Sanar da dangi

Wannan ne ƙashin bayan aikin. Ban yi awa biyu da tura musu ba gwaggona ta kira.

"Ɗan nan, ga ka a waya! Tun ɗazu nake danna ka ina nuna wa maƙwabta."

Kawu yana dannawa bayan kowane cin abinci ya ga ko farashi ya sauka. Matata kuwa tana shiga ne ta duba ko wata ta yaba murmushin.

5. Yi musu bayani a gaggauce

Na ce, "Gwaggo, kowace dannawa kuɗi ce fa!"

Ta ce, "Alhamdu lillahi! Bari in tara matan layinmu su taya ni."

Ta ɗauka ni ake biya. Kafin Laraba kuɗin sun ƙare, tallar ta tsaya cak. Ranar Alhamis Gwaggo ta iso shago da mai a-kori-kura, ta zaɓi katifa mai inci goma, ta ce ladan yatsanta ne, har ya kumbura saboda ni. Ni na biya kuɗin mota.

Gargaɗi: in ka bi matakan nan aka yi rashin sa'a wani baƙo ya zo ya saya, babu hannuna a ciki. Danginka ne ba sa ƙaunarka yadda ya kamata, su za ka tuhuma.