Layin 'Yan Zaman Banza

Wannan labari Sadisu ne da bakinsa yake ba da shi, yana yi yana dariyar kansa. Shi ne injiniyan kwamfuta na wani kamfanin takin zamani a Kano. An dame shi da ƙorafi: da an fara taro ta bidiyo sai murya ta yi ta yankewa, don rabin ma'aikata sun duƙufa kallon ƙwallo da intanet ɗin ofis. Sai ya ce a bar shi da su. Ya zauna ya saita suwic, na'urar nan da ke raba wa kwamfutoci intanet, ya yi mata layi uku. Na farko na manya ne, su ake fara sallama. Na biyu na masu aikin gaske. Duk kwamfutar da bai rubuta ba kuwa sai ta faɗa na uku, ta jira ragowa. Don ƙeta ma ya raɗa wa layin suna 'Yan Zaman Banza. Har ofis-ofis ya bi yana cika baki, wai yanzu kowa zai san matsayinsa.

Ranar Litinin shugabar kamfanin, Hajiya Turai, ta shiga taro da manyan dillalai daga Yamai, ana maganar kwangilar daminar bana. Tana buɗe baki hotonta ya daskare. Ashe sabuwar kwamfuta ta zo da ita, Sadisu bai sa ta a layin manya ba. Ya ruga teburinsa zai gyara, sai ya tarar shi ma suwic ɗin ya ƙi sauraronsa. Garin rubuta na kowa, ya manta da tasa kwamfutar. Ga shi can a ƙarshen layi, bayan 'yan ƙwallo, yana danna madanni yana zufa.

Bai ankara ba sai ƙamshin turare ya ji a kansa. Hajiya ce tsaye, ta sauke tabarau tana karanta allon.

Ta ce, "Sadisu, me nake gani haka? Sunana ne a ƙarƙashin 'Yan Zaman Banza?"

Ya miƙe har kujera na faɗuwa. "Ranki ya daɗe, ba ni na sa ki ba. Na'urar ce, duk wanda ba ta sani ba nan take jefa shi."

"Au, a kamfanin nawa ne ba ta san ni ba?"

"Wallahi kuskure ne, Hajiya. Duba ki gani, ai ni ma ga sunana nan a ciki, kusa da naki."

Ta sake leƙawa, ta gyaɗa kai, ta mayar da tabaranta.

"Naka na gani, kuma ban ce ta yi ƙarya ba. Nawa za ka cire."