Takalmin Nomau da Gonar Kan Dutse

A Kwarin Gamji, can gindin duwatsu, an yi wani mutum wai shi Nomau. Ku gyara zama, don ni ba na son ina magana ana katse ni. Nomau ƙato ne, ga ƙarfi kamar bajimi, ga zuciya fara tas, amma kai kam sai a hankali. In ka ce masa ya tsaya nan har ka dawo, to don Allah ka dawo, in ba haka ba damina za ta zo ta same shi a tsaye. Su biyu ne a gida, shi da mahaifiyarsa Inna Kande, sai jaki da tunkiya guda. Mahaifinsa ya yi jinya damina sukutum ya rasu, ya bar musu gona a kan dutse, kuma ban da ita ba su da ko taku ɗaya na ƙasa a duniya. Da yake ba a nome ta ba, tsidau da ƙarangiya da kashin yawo suka cinye ta, ƙaya kan ƙaya. Shi kuwa Nomau Allah ya ba shi ƙafa, faɗi kamar faifai, ta hagu ma ta ɗara ta dama. Silifa ba ya yi masa wuni biyu a kan duwatsun nan.

Wata rana Baffa Mantau, yayan mahaifinsa, ya yi sallama ya ƙi zama. A zuriyarsu akwai al'ada: gonar da ruwan shuka ya sauka ya tarar ba a share ta ba, sai ta koma hannun babban gida. Babban gida kuwa shi ne Baffa Mantau, kuma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gonar nan.

Ya ce, "Kande, na zo in tuna miki ne, kada a ce na yi zalunci. In ruwa ya sauka ba shara, na karɓa."

Inna Kande ta sunkuyar da kai, amma Nomau ya miƙe tsaye. "Baffa, gonar babana ce. Ba ka karɓa."

Baffa ya dubi ƙafafunsa ya kwashe da dariya. "Da waɗannan fayafayen za ka shiga ƙaya? Ko sa aka feɗe maka, fatarsa ba ta rufe su."

Washegari Nomau ya hau dutsen ƙafa ba takalmi don haushi. Bai yi nisa cikin gonar ba ya dawo da rarrafe, Inna ta wuni tana cire masa ƙaya da allura tana share hawaye. Da ta gama sai ta kwance tunkiyarta ta sayar, ta ce takalmi za a nema, dogo mai kaiwa ƙwauri.

Wata rana, ran kasuwar Laraba, ta ɗaure masa kuɗin a bakin riga ta ce, "Ka ji ni da kyau. Kada ka biya sai ka sa ka yi tafiya da shi, ka ji yadda yake." Nomau ya ce to. Ya isa rumfar mai takalma, aka zazzage buhu aka lalubo mafi girma, ya cusa ƙafa da ƙyar. Sai ya kama tafiya. Ya wuce 'yan gishiri, ya wuce mahauta, ya fita kasuwa ya miƙi hanyar rafi. Mai takalma ya ga abin ba na wasa ba ne, ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu, "Ɓarawo! Ku tare!" Kasuwa ta watse aka bi shi da sanduna. A bakin rafi aka cim masa, yana tafe yana ɗingishi yana kasa kunne.

"Ina za ka da kayana?" in ji mai takalma yana haki.

"Tafiya nake da shi in ji. Ban gama ji ba kuka dame ni da ihu."

"To me ka ji, don ubanka?"

"Ya matse. Ungo kayanka."

Mai takalma ya ce, "Takalmina lafiyarsa lau, ƙafarka ce ba ta mutane ba."

Nomau ya ce, "Ƙafata tun ina jariri take tare da ni, ba ta taɓa matsa ni ba. Takalminka yau muka haɗu." Ya juya abinsa, masu sanduna suka rasa wanda za su doka.

Wata rana maƙwabcinsu Gambo mai aikin fadama ya ji tausayinsu, ya kawo masa dogon takalmin roba. Ya ce, "Zai ɗan cije ka da farko. Kada ka cire, ka bari sai ya saba da ƙafarka." Kai, da Gambo ya san wanda yake gaya wa, da ya haɗiye maganarsa! Nomau ya sa, bai cire ba. Da shi ya yi wanka, da shi ya kwanta. A ƙofar masallaci liman ya ce, "Nomau, cire takalmi mana." Ya ce, "Allah gafarta malam, bai saba ba tukuna." Ya yi sallarsa a waje cikin rana. Ga bazara, ga roba, ƙafa ta dahu a ciki ta kumbura, wari kuwa har jakin ya koma bayan rumbu. Da Inna ta ga yana tafiya yana cije leɓe, ta kira wanzami ya tsaga robar da aska. Ƙafa duk ta yi bororo, fata na saɓulewa. Gambo ya zo ya ga takalminsa a yanke gida biyu, ya riƙe baki. Nomau ya ce masa, "Ni na yi haƙuri da shi, Gambo. Shi ne ya ƙi sabawa." Haka Nomau ya kwanta jinya, alhali gabas ta fara haɗa gajimare da yamma.

Wata rana, da ƙafa ta warke, Inna ta ce, "Na kasuwa ba zai yi maka ba, sai na ɗinki. Ka tafi gari ka nemi baduku. Amma kada daɗin bakinsu ya ruɗe ka. Ka duba ƙafafun mutanen da ke fitowa daga rumfunansu, su za su nuna maka gwani." Nomau ya tafi layin dukawa ya tsuguna a bakin hanya. Duk wanda ya fito sai ya cafke masa ƙafa ya ɗaga, ya zare takalmin, ya leƙa tsakanin yatsu. Wani alhaji ya faɗi zaune cikin babbar riga. Wata mai tallan fura ta zabga masa mari da ludayi. Bai fasa ba. Can ga wani maharbi ya fito daga wata 'yar rumfa a ƙarshen layi, sanye da dogon takalmin fata. Nomau ya damƙe shi. Maharbin ya ɗaga gora, sai ya ga mutumin nan ba faɗa yake nema ba, diddige kawai yake shafawa.

"Ba kanta, ba bororo," in ji Nomau. "Wa ya ɗinka maka?"

"Sakar mini ƙafa in gaya maka. Baba Arzika ne, ga rumfarsa can. Sai dai masifaffe ne."

Baba Arzika tsoho ne mai ido ɗaya da baƙin rai, basilla a hannu, zare a baki. Ya ƙare wa ƙafafun Nomau kallo. Nomau ya riga ya kumbura fuska, yana jiran a zagi ƙafarsa ya rama. Sai tsohon ya tofar da zaren ya ce, "Ƙafa ce kamar ta kowa. Ta hagu da ban, ta dama da ban, kowacce zan yanka mata nata. Amma ba na awo da safe. Ka dawo in ƙafar ta kumbura." Abin da yake nufi a dawo da yamma, bayan an wuni ana yawo. Nomau dai daɗi ya cika shi, don tunda yake ba wanda ya taɓa ce wa ƙafarsa ƙafa ce kamar ta kowa.

Wata rana, wato kashegari ke nan, ya tashi ya ga ƙafa ba ta kumbura ba. Ya jira, shiru. Ya ce lallai ba zai sa dattijo jira ba. Akwai gidan rina masu harbi a kogon tsamiya bayan gidansu, sai ya je ya zura ta hagu, ya cije, ya zaro, ya zura ta dama don kada a yi son kai. A kan jaki ya isa rumfar, ƙafafu sun yi suntum kamar turmi.

"Baba, ga ta, ta kumbura."

Baba Arzika ya saki basilla. "Innalillahi! Kai wane irin mutum ne? Salkar ruwa zan ɗinka maka ko takalmi?"

"Kai ka ce."

Tsohon ya buɗe baki zai yi masifa, dariya ta ƙwace masa har ya yi tari. Ya shafa masa toka da man shanu, ya ce ya je sai kumburin ya sace. Ranar da aka yi awon, ya tsayar da shi a kan ƙirgi, ya zagaye kowace ƙafa da gawayi, ya ɗaura zare a ƙwauri da gadon ƙafa. A daren da ya gabata kuwa an yi walƙiya a gabas, kowa ya gani. Baffa Mantau har ya aika a wasa masa fartanya.

Da aka gama awo Baba Arzika ya ce, "Saura tafin takalmin. Ban san kaurin da zan ba shi ba sai na ga abin da zai taka. Duk abin da ke sukar ka a gonar nan, kawo mini in gani." Ƙaya biyu uku a tafin hannu yake nufi, ku ma kun sani. Amma wa ya gaya wa Nomau?

Wata rana da sassafe ya naɗe ƙafafu da tsumman buhu, ya ɗauki manjagara da tsintsiyar kaba, ya kora jaki ya hau dutse. Bai shiga gonar ba wannan karon, tunda ba shiga aka aike shi ba. Daga gefe ya fara, ya tattara ƙayar da ke gabansa ya zuba a mangala, sannan ya matsa. Abin da ya ƙi tsintsiya ya sa hannu ya tumɓuke. Mangala ta cika, ya gangara gari ya juye a ƙofar rumfar Baba Arzika.

"Ya isa! Na gani!" in ji tsohon.

"Ba duka ke nan ba, Baba. Da saura."

Ya koma. Haka ya yi ta yi, kwana da kwanaki, hannuwa duk jini. Tulin ƙaya ya toshe layin dukawa, masu ciniki suka daina bi, dukawa suka kai ƙara. Baba Arzika ya yi zagi, ya yi roƙo, ya yi jifa da guntun fata, a banza. Da ya ga ba abin da zai tsayar da mutumin nan sai takalmi, ya ture duk aikin da ke gabansa ya duƙufa a kan nasa. Ranar da Nomau ya kawo mangalar ƙarshe, har da wata matacciyar kunama a kai, ya ce, "Shi ke nan, Baba, ba sauran abin da ke suka." Tsohon ya cilla masa takalmin ya ce, "Sa ka tafi, kada in sake ganin ka!" Nomau ya zura ƙafa. Ta shige sumul, ba matsi, ba lilo, yatsu na motsi a ciki. Ya taka, ya sake takawa, sai ga ƙaton nan yana hawaye. A lokacin ne aka yi tsawa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Hankalinsa ya tashi, don a saninsa ko fara shara bai yi ba. Ya bar jakin nan ya zura da gudu, ya haye dutsen cikin ruwa, takalmi na kama dutse ba zamewa. Ya tarar Baffa Mantau ya riga shi, ya taho da mai unguwa don shaida, Inna Kande na biye da su ta lulluɓa da buhu. Duk sun yi cirko-cirko. Gona fes, daga wannan iyaka zuwa waccan, ruwa na shiga ƙasa.

Nomau ya duba, idonsa ya yi ja. Ya yi kan baffansa. "Wa ya share mini gona? Baffa, kai ne ko? Ka zagaya ka share don ka ce taka ce! Wallahi ba ka karɓa!"

Baffa Mantau ya ja da baya. "Ni? Ni da rabona da nan tun ana jana'iza?"

Mai unguwa ya ce, "Mantau, ka tabbata ba kai ba ne, ba kuma yaranka ba?"

"Na rantse ba mu ba ne!"

"To madalla, ka faɗa da bakinka. Nomau, ina ƙayar da ke nan ta tafi?"

"Ranka ya daɗe, tana ƙofar baduku. Aike na aka yi. Ni ban share komai ba."

Mai unguwa ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya samu ya tsaya, ya ce, "Ruwa ya sauka ya tarar da shara. Gona ta ɗan marigayi ce. Mantau, mu gangara kafin mura ta kama mu."

Baffa ya tafi yana santsi yana ƙunƙuni. Nomau bai huce ba, sai zagaya gonar yake yana cewa sai ya gano wanda ya yi masa shisshigi. Inna Kande ta durƙusa ta damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasar mijinta, ta riƙe, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Inna, ki bar kuka, zan kama shi."

Ta ce, "Ƙyale shi, ɗana, ko wane ne Allah ya yi masa albarka. Sauka ka ɗauko iri."